Telan da Ke Ta Rage Wa Kansa Wando: Nazarin Gwajin Ilastes a Ba-haya

Ilastes sinadarin narkar da abinci ne da ake aunawa a ba-haya don a san ko gaɓar da ake kira fankiriyas tana aikinta. Mutumin da wannan nazari ya shafa tela ne mai shekara 31, mazaunin wata unguwa a wajen ganuwar Kano, yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyu. Yayansa ne ya kawo shi asibitinmu, kuma ƙorafin da suka zo da shi a baki shi ne ciwon suga da ya ƙi jin magani. Shekara biyu ke nan da aka gano masa sugan, aka ɗora shi a kan metformin, daga baya aka ƙara masa wata ƙwayar, amma awon bai taɓa daidaita ba, jikinsa kuma sai zubewa yake yi. Da ya hau sikeli ya tashi kilo 52, alhali tsohon katinsa ya nuna kilo 67 a lokacin da aka fara ba shi magani. Shi kansa ba da kilo yake auna ramar ba. Ya ce sau uku cikin shekara guda yana zama a kan kekensa ya rage wa wandunansa ƙugu, har ya koma yin haka da daddare don kada yaran shago su lura.

Sun zo da wata tsohuwar ambulan cike da takardun gwaji. A ciki akwai sakamakon gwajin ba-haya har guda huɗu daga wurare daban-daban, da na taifot guda biyu, da na ƙanjamau guda uku waɗanda duk suka nuna ba ya ɗauke da ita, da na majina don neman tarin fuka, shi ma babu komai. An yi masa maganin taifot, an yi masa na atini da Flagyl fiye da sau ɗaya, an ba shi na tsutsar ciki, kuma ya shafe watanni yana shan omeprazole a kan cewa olsa ce. A gida ma ba a zauna ba: ya sha jiƙe-jiƙen basir, an yi masa rubutu, wata gwaggonsa kuma ta riga ta yanke hukuncin cewa sammu ne daga abokan sana'a. Maimaita gwajin ƙanjamau har sau uku ya isa ya nuna irin maganganun da ke yawo a kansa a unguwa, domin a wajenmu saurayin da ke ramewa yana zawo ba ya rasa masu yi masa fassara.

Abin lura a takardun ba-hayan nan huɗu shi ne, babu wanda aka yi ba daidai ba. Gwajin ba-haya da aka saba yi a ɗakunan gwaje-gwajenmu ɗan shafe ne a kan gilashi, a duba ta madubin hangen ƙwayoyin cuta ko akwai ƙwan tsutsa, ko ƙwayar atini, ko jini da ruɓa, wani lokaci kuma a shuka shi a ga ko wata ƙwayar cuta za ta tsiro. Tambayar da ake yi wa ba-hayan ita ce ko wani baƙo ya shiga hanji. Babu wanda ya tambaye shi ko abincin da mutumin ke ci yana narkewa, kuma gwaji ba ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Yadda zargi ya koma kan narkewar abinci

Littattafan likitanci da aka rubuta a Turai da Amurka suna koya wa ɗalibi ya tambayi majinyaci ko ba-hayansa yana tasowa saman ruwa, ko yana wuyar korawa bayan an saki ruwa. Wannan tambaya ta mai masan zamani ce. Majinyacinmu masai mai rami yake amfani da shi a gida da kuma kasuwa, don haka bai taɓa ganin abin da ya fita daga jikinsa da idonsa ba, balle ya san ko yana tasowa. Da aka yi masa tambayar yadda take a littafi, sai ya ce lafiya lau, zawo ne kawai sau huɗu ko biyar a rana.

Sai aka sauya salon tambayar. Aka ce masa: "Malam, in ka zo tsarki da buta, ruwa kaɗai yana isar ka, ko sai ka nemi sabulu?" Ya yi shiru, ya dubi yayansa, wanda ya gane nufin ya fita waje. Daga nan ne ya bayyana cewa ya fi shekara yana shiga bayi da sabulu a aljihu, domin hannunsa kan yi santsi kamar ya taɓa man gyaɗa, kuma warin ya kai ya daina shiga bayin masallaci. Ya ƙara da cewa abin ya fi tsananta ranar da ya ci waina ko ƙosai ko naman Sallah, kuma matarsa ta taɓa yi masa magana cikin kunya a kan wani maiƙo mai ruwan ɗorawa da take gani a wandonsa na ciki in tana wanki, wanda shi bai san lokacin da yake fita ba. Wannan bayani shi ne ginshiƙin lamarin baki ɗaya, kuma fiye da shekara yana nan, ba a tono shi ba saboda kunya daga ɓangarensa da kuma gaggawa daga namu ɓangaren.

Da aka koma baya cikin tarihinsa, sai ga wasu abubuwa biyu. Tun yana ɗan shekara goma sha wani abu, a ƙauyensu, yakan yi fama da ciwon ciki a saman cibiya mai ratsawa zuwa gadon baya, wanda ba ya lafawa sai ya durƙusa ya dafe cikin da gwiwoyinsa. Ciwon ya yi sauƙi da ya girma, har ya manta da shi. Na biyu, a watannin baya ya lura cewa da zarar magariba ta kawo kai ba ya iya zura zare a allura, kuma yakan yi tuntuɓe a lungun gidansu da ya sani tun tuni. Dundumi ke nan, alamar ƙarancin bitamin A, wanda yake cikin bitamin huɗu da jiki ba ya iya tsotsa sai tare da maiƙo, wato A da D da E da K. Ba ya shan giya, bai taɓa shan taba ba.

Gaɓar da ake zargi

A bayan tumbi, kwance a gicciye a saman ciki, akwai wata gaɓa mai tsawon kamar santimita 15 da likitoci ke kira fankiriyas. Sau da yawa akan ji ana kiran ta saifa a bayanan ciwon suga, amma saifa wata gaɓa ce daban da ke ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, aikinta kuma ya shafi jini. Fankiriyas aiki biyu take yi. Wanda kowa ya sani shi ne samar da insulin mai daidaita suga. Ɗayan, wanda ya ci mafi yawan naman gaɓar, shi ne tsatso ruwan narkar da abinci, kimanin lita ɗaya da rabi a rana, wanda ke bin wata 'yar hanya ya zuba a farkon ƙaramin hanji. A cikin ruwan akwai sinadari irin na kanwa da ke kashe tsamin da ya gangaro daga tumbi, kamar dai yadda mai girki ke jefa kanwa a miyar yakuwa, sannan akwai sinadaran narkarwa: amiles mai farfasa sitaci, tirifsin da danginsa masu farfasa nama da wake, da laifes mai narkar da maiƙo.

Idan gaɓar ta gaza, maiƙo ne ke fara tona asiri. Sitaci yana da mataimaki a cikin yawu, nama yana da mataimaki a tumbi, amma maiƙo kusan ya dogara ne kacokan ga laifes ɗin fankiriyas, wanda kuma ya fi sauran saurin lalacewa a cikin tsami. Sai dai gaɓar tana da rarar ƙarfi mai yawa. Binciken da DiMagno da abokan aikinsa suka wallafa daga asibitin Mayo na Amurka a 1973 ya nuna cewa maiƙo ba ya fara fita a ba-haya sai abin da fankiriyas ke fitarwa ya faɗi ƙasa da kashi 10 cikin 100 na yadda ya kamata. Ma'anar wannan ga majinyacinmu ita ce, ranar da ya fara sa sabulu a aljihu, ɓarnar ta riga ta yi nisa da shekaru.

Wane gwaji za a yi

Matakin farko mai araha ne. An roƙi ma'aikacin ɗakin gwaji ya ɗiga wa ba-hayan rinin da ake kira Sudan, wanda ke kama maiƙo ya mai da shi ja-ja, sai ga gilashin ya cika da ɗigo-ɗigon mai. Wannan ya tabbatar da cewa maiƙo yana wucewa ba tare da an tsotse shi ba, amma bai faɗi dalili ba, domin cutar bangon hanji ko toshewar hanyar matsarmama ma suna iya kawo haka.

Gwajin da aka daɗe ana ɗauka a matsayin ma'aunin asali shi ne auna yawan maiƙon ba-haya, bisa hanyar da van de Kamer ya bayyana a 1949. Majinyaci zai ci abinci mai giram 100 na maiƙo kowace rana har kwana biyar, a tara duk abin da ya fitar a kwana ukun ƙarshe, a auna. Idan ya haura giram 7 a rana, akwai matsala. Duk wanda ya san gidan haya mai bayi ɗaya da zafin Kano ya san wannan ba abu ne da za a nema daga mutum ba, kuma ma'aikatan gwaji a ko'ina a duniya ba sa maraba da shi. Akwai kuma gwajin kai tsaye, inda ake zura bututu ta baki har farkon hanji, a yi wa mutum allurar sikiritin, sinadarin da ke sa fankiriyas ta saki ruwanta, a tsotso ruwan a auna. Shi ya fi kowanne gano cutar tun tana ƙarama, amma cibiyoyi ƙalilan ne ke yin sa.

Saura gwajin ilastes, wanda aka ƙirƙiro a Jamus ya kuma bazu tun shekarun 1990. Ilastes ɗaya ne daga sinadaran da fankiriyas ke fitarwa, kuma abin da ya ba shi daraja a wajen masu gwaji shi ne taurin kansa: yana ratsa hanji daga farko har ƙarshe ba tare da ya lalace ba, ya taru a ba-haya har ya ninka yawansa na cikin ruwan fankiriyas sau biyar zuwa shida. Saboda haka yawansa a ba-haya manuniya ce ta yawan abin da gaɓar ta fitar. Ɗan kaɗan ake bukata, abin da bai wuce ƙwayar wake ba, ba a bukatar azumi ko wani abinci na musamman, kuma samfurin yana jure 'yan kwanaki a hanya. Ana ba da sakamakon da maikirogiram a kowane giram na ba-haya. Sama da 200 ana ɗaukar sa lafiya, tsakanin 100 da 200 gazawa ce mai sauƙi ko matsakaiciya wadda ke bukatar a haɗa ta da sauran alamomi, ƙasa da 100 kuwa gazawa ce mai tsanani. Gwajin yana da ƙarfi wajen kama cutar da ta yi nisa, yana da rauni wajen kama wadda ta fara. Mutum na iya samun 250 alhali gaɓarsa ta soma lalacewa.

Ba a yin wannan gwaji a asibitinmu. An tura su wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, wanda shi ma aikawa yake yi Legas, kuma kuɗin ya yi wa iyalin nauyi har sai da yayan ya ranto.

Kuskuren samfurin farko

Bayan kusan mako biyu sakamako ya dawo da 21. A ƙasan takardar, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa samfurin ruwa-ruwa ne. Laifin nan namu ne. An rubuta masa takardar gwaji, an faɗa masa inda zai je, amma ba a gaya masa irin ba-hayan da zai kai ba, shi kuma ya kai na safiyar da cikinsa ya fi ɓaci, a tunaninsa wannan ne zai fi nuna cutar.

Dalilin da ya sa wannan ya zama matsala yana cikin ma'aunin kansa. Tun da ana lissafin ilastes ne a kowane giram, idan rabin giram ɗin ruwa ne, adadin zai faɗi ko da fankiriyas lafiyarta ƙalau, kamar yadda cokali ɗaya na suga ke jin zaƙi a kofi amma ya ɓace a bokiti. Mai zawo saboda kowane irin dalili yana iya samun sakamakon da ya yi kama da na mai gazawar fankiriyas. A majinyacinmu kuwa akwai dalilai biyu na daban da za su iya sa zawo: metformin, wanda sananne ne da ɓata ciki, da kuma yiwuwar ƙwayar jiyadiya da ake samu a gurɓataccen ruwa, wadda ita ma kan hana tsotsar maiƙo, kuma sau da yawa ba a ganin ta a duba ɗaya. Mutanen da aka ɗora a kan magani mai tsada na tsawon rai bisa sakamakon samfurin ruwa ba su da wata hanyar gane cewa an zalunce su, domin takardar tana ɗauke da lamba, lamba kuma tana da kwarjini.

An dakatar da metformin aka mai da shi kan allurar insulin, abin da ya kamata a yi tun farko ga mai suga da ya rame haka. An ba shi maganin jiyadiya, aka ce ya jira ranar da ba-hayan ya ɗan yi kauri, ko da kamar tuwo mai laushi ne, ya ɗebo daga leda ko takarda mai tsabta ba tare da fitsari ko ruwan buta ya taɓa shi ba.

Kafin wannan rana ta zo aka ɗauki hoton cikinsa, hoton ƙashi na yau da kullum wanda ake yi a kusan kowane babban asibiti. A gicciye, daidai saman ƙashin baya na ƙugu, sai ga fararen ɗigo-ɗigo jere kamar tsakuwa, sun bi siffar fankiriyas daga kai har wutsiya. Duwatsu ne da suka taru a cikin hanyoyin gaɓar. Daga baya hoton siti-sikan (CT scan), mai nuna cikin jiki dalla-dalla, ya nuna gaɓar ta motse, babbar hanyarta ta buɗe ta cika da duwatsu, kuma babu wani ƙullutu da zai sa a yi zargin ciwon daji. Samfuri na biyu, mai kauri, ya dawo da 46.

Sunan cutar

A Turai da Amurka giya ce kan gaba wajen jawo daɗaɗɗen kumburin fankiriyas, taba kuma tana ƙara rura shi. Wannan ya sa likitan da ya ji majinyaci ba ya sha yakan cire cutar daga lissafinsa. Amma akwai wani nau'i da aka sani a ƙasashe masu zafi, wanda ke kama yara da matasa da ba su taɓa kusantar giya ba. Zuidema ya bayyana shi a Indonesiya a 1959, Shaper a Uganda a 1960, likitocin Ibadan suka ruwaito shi cikin shekarun 1960, Geevarghese kuma ya tattara ɗimbin masu shi a jihar Kerala ta Indiya. Tafiyarsa kusan iri ɗaya ce: ciwon ciki a ƙuruciya, duwatsu manya a hanyar gaɓar, sannan ciwon suga kafin shekara arba'in. An daɗe ana ɗora laifin a kan rogo da ƙarancin abinci mai gina jiki, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan nau'in suga a rukunin masu nasaba da tamowa a 1985, kafin ta cire rukunin a 1999. Binciken baya-bayan nan ya fi karkata ga gado, musamman sauyin da ake samu a ƙwayar halittar da ake kira SPINK1, wadda aikinta shi ne hana sinadaran gaɓar su fara narkar da ita kanta. Tarihin telan nan ya hau wannan siffa daram.

Ana iya tambaya ko gwajin ilastes ya zama dole a nan, kuma tambayar tana da ƙarfi. Da an fara da hoton ciki, wanda kuɗinsa bai kai ko kusa da na ilastes ba, da an ga duwatsun tun makon farko, kuma mutumin da ke da duwatsu a fankiriyas, yana fitar da maiƙo, ya zubar da kilo 15, ba ya bukatar wata lamba kafin a fara masa magani. A ganina an juya tsarin: hoto ya kamata ya riga, kuma da an yi wa majinyacin bayanin minti ɗaya da bashin da yayansa ya ci bai zama biyu ba. Duk da haka gwajin ya yi wani aiki da hoton ba zai yi ba. Hoto siffar gaɓa yake nunawa, ilastes kuwa aikinta yake aunawa, kuma akan samu mai duwatsu da gaɓarsa ke ci gaba da fitar da abin da zai wadatar. Ban da haka, maganin da za a nemi iyalin su riƙa saya har ƙarshen rayuwarsa yana da tsada, yana kuma da wata matsala da sai da hujja mai ƙarfi za a tunkare ta.

Maganin da asalinsa

Maganin shi ne a mayar wa hanji abin da gaɓar ta kasa ba shi, ta hanyar kafso mai ɗauke da sinadaran narkarwa, wanda aka fi sani da sunan Creon. Ana haɗa shi ne daga fankiriyas ɗin alade. An faɗa musu wannan ƙarara tun kafin su saya, domin ɓoye shi cin amana ne, kuma ranar da majinyaci ya karanta a jikin kwali ko wani ya gaya masa, zai watsar da maganin tare da likitan. Yayan ya ce: "Likita, wannan magana ta fi ƙarfina, sai mun je wajen Malam." Suka tafi da takardar sakamakon da hoton. Malamin unguwarsu ya tambaye su abu biyu, ko akwai wani maganin da zai maye gurbinsa, da kuma abin da zai faru idan aka bari. Da ya ji amsa, ya kafa musu hujja da aya ta 173 ta Suratul Baƙara, wadda ta haramta naman alade sannan ta ɗauke laifi daga wanda larura ta tilasta, ya ce ya sha.

An fara shi da kafso biyu, kowanne mai ƙarfin ma'aunin laifes 25,000, a kowane babban abinci, da guda ɗaya idan zai ci wani abu a tsakani, daidai da ƙa'idar likitocin Turai ta 2017 da ta ba da 40,000 zuwa 50,000 na laifes ga babban abinci da rabin haka ga ƙarami. An haɗa masa da bitamin A da D da sauran na maiƙo, aka bar shi a kan omeprazole, wannan karon don wani dalili daban, wato rage tsamin da ke kashe laifes kafin ya yi aiki.

Wata na farko bai ba da abin da aka sa rai ba. Zawon ya ragu kaɗan, maiƙon yana nan, sikeli bai motsa ba. Da aka bi diddigi sai aka tarar yana haɗiye kafson ne da sassafe tare da omeprazole, minti talatin kafin karin kumallo, kamar yadda aka koya masa shan maganin olsa. Sinadarin da ya riga abinci wucewa ba shi da abin da zai narkar. Aka nuna masa ya haɗiyi ɗaya da lomar farko, ɗayan a tsakiyar cin abincin, da ruwa mai sanyi, kada ya tauna, kada kuma ya kora da shayi ko koko mai zafi. An kuma gano yana ajiye kwalbar a aljihun teburin shago, kusa da inda ake guga, alhali sinadaran ba sa son zafin da ya wuce na ɗaki mai sanyi, Kano kuwa a watan Afrilu takan haura digiri 40. Kwalbar ta koma gida kusa da randa, yana ɗaukar na yini kawai.

Sai batun abinci, wanda ya fi ɗaukar lokaci. Saboda sugan an hana shi tuwon shinkafa da fura da duk wani abu mai zaƙi, saboda zawon kuma matarsa ta daina sa masa mai a miya kwata-kwata, don ta lura cikin yakan lafa idan babu mai. Lurarta daidai ce, amma sakamakon shi ne mutum mai aikin yini yana rayuwa a kan tuwon alkama da miyar kuka tsura. An zauna da ita aka bayyana mata cewa da kafson a ciki, mai ya koma abinci a gare shi, kuma hana shi yana ƙara masa rama da dundumi. Aka dawo da man gyaɗa da manja daidai misali, da ƙwai da kifi da wake, aka raba cin zuwa sau biyar ƙanana maimakon biyu manya.

Da narkewar ta gyaru sai sugan ya tashi, abin da ya tsorata iyalin har suka yi zaton maganin ne bai karɓe shi ba. Abin da ya faru shi ne sitacin da a da yake wucewa yanzu yana shiga jini, don haka aka ƙara insulin a hankali. Ana taka-tsantsan da irin wannan suga, domin gaɓar da ta rasa masu yin insulin ta kuma rasa masu yin gulukagon, sinadarin da ke ɗago suga idan ya faɗi, saboda haka faɗuwar takan zo da sauri ta kuma daɗe. Sau ɗaya ya yanke jiki a shago bayan ya yi allura aiki ya hana shi cin abinci. Tun daga ranar yake ajiye dabino a aljihu, kuma da watan Ramadan ya zo aka ba shi shawarar kada ya yi azumin wannan shekarar, ya koma ga malaminsa kan abin da ya hau kansa.

A wata na huɗu yayan ya zo da bukatar a maimaita gwajin ilastes don a ga ko lambar ta hau. An hana shi kashe kuɗin. Gwajin an ƙera shi ne ya gane ilastes na ɗan Adam kaɗai, ba ya ganin na cikin kafso, wanda hakan alheri ne ga mai son a gwada shi ba tare da ya dakatar da magani ba, amma yana nufin lambar ba za ta motsa ba komai kyawun da maganin ya yi, tun da naman gaɓar da ya mutu ba ya dawowa. Abin da ake bibiya shi ne sikeli, da yawan fita bayi, da maiƙon, da ƙarfin jiki, da awon bitamin idan hali ya yi.

A zuwansa na wata na tara ya tashi kilo 60. Yana fita bayi sau ɗaya ko biyu a rana, ya daina ɗaukar sabulu, kuma yana zura allura bayan magariba. Ciwon cikin yakan taso jefi-jefi. Ba a samu yin awon ƙarfin ƙashi ba saboda kuɗi, ko da yake shekarun da ya yi ba ya tsotsar bitamin D sun sa ya cancanci a yi masa, kuma za a ci gaba da sa ido a kan gaɓar domin masu irin wannan cuta sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa da dajin fankiriyas. Babbar barazanar ita ce yankewar maganin: sau biyu ya ƙare a kasuwa ko kuɗi ya gaza, kuma kowane karo maiƙon ya dawo cikin kwana uku. An koya masa cewa idan kafson ya yi ƙaranci ya fifita abincin da ya fi mai, maimakon ya raba shi ɗaya-ɗaya a kan kowane ci har ya zama bai isa ko'ina ba. A wannan zuwan ya nuna mana ƙugun wandon da ke jikinsa, inda ya farke ɗinki biyu daga cikin ukun da ya yi, na ukun yana nan tukuna.